Yadda Na Tsofar da Saniyar Bappa Jauro

Bari in tona wa kaina asiri kafin wani ya riga ni: ranar da na fara zuwa Abuja, ban sauka a Abuja ba. A Uke na sauka, da ƙafafuna, babu wanda ya tura ni.

Bakina ne ya ja min. Tun daga Bauchi nake cika wa mutanen motar kunne cewa Abuja kamar tsakar gidanmu take a wurina, alhali iyakar tafiyata a duniya daga Misau zuwa Azare ne, shi ma ciwon haƙori ya kai ni. Har wata tsohuwa da ke gefena ta ce in mun isa in nuna mata inda za ta hau motar Kubwa. Na ce, “Iya, kwantar da hankalinki, kina tare da ɗan gari.” Bayan mun wuce Keffi muka tsaya a wani gidan mai da ya sha gilasai, ga titi ya rabu biyu, ga manyan allunan talla. Zuciyata ta ce wannan ƙyallin ba na kowa ba ne sai na gwamnati. Na sunkuci jakata na dire.

Kwandasta ya leƙo ya ce, “Kai, nan za ka sauka?”

Da na ce a'a, da magana ta ƙare. Amma idon kowa na kaina, har da na Iya. Na ce, “Nan ce unguwarmu.” Mota ta tashi ta bar ni da jaka da girman kai.

Sunana Nafi'u, shekarata goma sha bakwai, kuma babu katangar unguwarmu da ban yi wa zane da gawayi ba. Na zana ladan yana gyangyaɗi, na zana mai unguwa da tumbinsa, na sha dukan da in aka raba wa yaran layinmu zai ishe su shekara. Babanmu injin niƙa gare shi, ya kuma riga ya yanke cewa ni zan gaje shi. Ni kuwa na ga abin da inji ya yi masa: gari a gira, gari a gemu, kunne ɗaya ya yi ritaya. Na ce zane zan koya. Aka yi ta ja har aka sha ruwan Ƙaramar Sallah, sannan Baba ya gaji ya ce, “Je ka. Amma daga nan zuwa Layya, in ban ji muryar wani babba mai sana'a a waya ya ce min ya karɓe ka ba, ka dawo ka kama inji, kuma kar in sake jin kalmar zane a gidan nan.” Wata biyu ke nan da 'yan kwanaki. Ga shi ranar farko ma na zubar da ita a garin da ban taɓa jin sunansa ba.

Wata mata mai gasa doya a bakin titi ce ta gaji da ganina ina kai da kawo. Hausarta irin ta can ce, ba ruwanta da mace ko namiji.

“Yaro, tana jiran wani ne?”

“Ina duba gari ne, Mama.”

“Wane gari? Tun ɗazu gidan mai kawai tana dubawa. Zo zauna.”

Ta tsaga min doya, ta zuba manja da barkono, ba ta ce in biya ba. Da na faɗa mata gaskiya ta yi dariya har ta dafa murhu ta ƙone. Don in rama alheri, na ɗauki guntun gawayi daga murhunta na zana ta a bayan kwali. Ta daɗe tana kallo, ta ce hancin ya yi yawa, amma ta soke kwalin a jikin rumfarta. Sannan ta tare wani ƙanenta mai akori-kura da zai kai doya Mararaba, can bakin Abuja, ta ce ya sa ni a baya. Haka ɗan gari ya shiga Abuja, a kan tulin doya, yana riƙe da hula.

A Karmo, wata unguwa a gefen Abuja, Yaya Ɗanlami yake, ɗan wan babana. A gida kowa ya san shi manaja ne, don duk mako sai ya turo hoto yana jingine da wata baƙar mota, sanye da shadda mai ƙyalli. Na same shi kuwa manaja ne, amma na baro guda ɗaya mai lanƙwasasshiyar taya. Ɗakin da yake kwana su biyar ne a ciki, na zama na shida. In mutum zai juya sai ya yi sanarwa. Shaddar tana rataye a ƙusa cikin leda, ita kaɗai ce mai wurin kanta a ɗakin. Duk ranar Juma'a yana saka ta ya shiga cikin gari, ya nemi motar da mai ita ya tafi masallaci, ya jingina a ɗauke shi.

Na ce, “Yaya, ashe haka ne?”

Ya ce, “Kai yaro ne. Mutanen gida ba wahalarka suke son gani ba. Kwana shida nake tura baro saboda wannan rana ɗaya.”

Ya ce ya san masu zane kamar yadda ya san yunwarsa, gobe zai kai ni. Kafin goben, in ɗan taya shi tura baro, don bayansa na ciwo. Goben nan ta yi mako uku ba ta iso ba. Ni ne ɗaukar buhun siminti, ni ne kwandon tumatir, ni ne kayan wata mata da na rantse har da duwatsun garinsu ta haɗo. Shi kuma Yaya yana ƙarƙashin rumfar mai shayi yana jinyar baya da wayarsa.

Wata rana ya nuna min Jamila mai awara ya ce in zana masa ita. Na zauna daga nesa na yi, ya karɓa. Ashe kai mata ya yi ya ce shi ya ɓata kwana uku yana yi. Jamila ta ji daɗi, ta ɗauko takarda da biro ta ce to ya zana mata ƙanwarta, ga ta nan zaune. Sai ga Yaya ya zo min da gudu, ciwon baya ya warke.

“Nafi'u, rufa min asiri.”

“Kai ni wurin masu zane.”

“Gobe in Allah ya kai mu…”

“To ƙanwar ma sai gobe.”

Nan ya faɗi gaskiya: bai san kowa ba. Abin da ya sani kawai, a Dei-Dei bayan kara, wato kasuwar dabbobi, akwai masu yi wa manyan motoci fenti. Ban zana ƙanwar ba. Na ji daga baya ya zana mata wani abu mai kama da tukunya da kunnuwa, kuma tun ranar ba ya cin awara.

Dei-Dei ba gari ba ne, hayaniya ce da aka yi wa tituna. Nan rodi, nan katako, nan kwanon rufi, can shanu da raguna da dillalai kowa na rantsuwa. A bayan kara na tarar da tireloli jere, ga wani dattijo a kan benci yana ja wa wata mota jan layi daga wannan ƙarshe zuwa wancan, ba rula, ba zare, kuma layin ya fi titin filin jirgi miƙewa. Oga Bulus ke nan, mutumin Jos, gajere, mai furfura da ɗigon fenti kala bakwai a gira. Na gaishe shi, na miƙa masa littafin zanena da hannu biyu. Ko buɗewa bai yi ba. Ya ɗauko sanfefa ya ɗora a kan littafin ya mayar min, ya nuna wata ƙofar mota da tsatsa ta cinye.

Da yamma na ce, “Oga, ka karɓe ni ke nan?”

“Ban karɓe ka ba. Ban kuma kore ka ba.”

“Babana ne yake son jin muryarka kafin Layya.”

“Ni ba na yi wa uban yaro alkawari sai yaro ya ci damina da rani a nan. Shekara guda kana goge ƙarfe, sannan ka taɓa buroshi. Haka aka yi min. Ka san yara nawa suka zo min da littafi irin naka? Je ka nemo min ɗaya.”

Na ce a raina, ni ba zan zama cikinsu ba, ko da yatsuna za su ƙare. Sun kuwa kusa. Bayan mako biyu wayata ta daina gane ɗan yatsana. Amma Oga ba mugu ba ne. In matarsa ta aiko da abinci sai ya raba biyu ya turo min murfin kwano, in kuma aka kira salla ina ta guga sai ya ce, “Tashi ka je, kar ubanka ya ce na raba ka da Allah.”

Abin da ya tsaya min a wuya shi ne kwalayensa. A jikin rumfa akwai ƙusoshi, kowace da kwalin da aka yanke siffa: zaki, mikiya, saniya, doki. Direba zai zo ya ce zaki yake so, Oga ya ɗora kwali a ƙofar baya, ya zagaye da alli, ya cike da fenti. Zaki ɗaya ne ke yawo a titunan ƙasar nan tun kafin a haife ni, sai dai a sauya masa launin daji.

Na ce, “Oga, ka taɓa ganin zaki kuwa?”

“Direban ma bai taɓa gani ba.”

“To ba ka gajiya da abu ɗaya?”

“Da ina kamarka na gaji. Yanzu ina yi ne mota ta fita, wata ta shigo. Goge can, ka bar wuri.”

Na yi ta juya maganar nan. Yaya Ɗanlami yana wahala don a gan shi. Oga yana da hannun da babu irinsa, amma ya daina kallon abin da hannun ke yi. Ni fa? A lokacin, da a ce an tambaye ni, cewa zan yi don kar Baba ya yi gaskiya. Wannan ma dalili ne, kuma yana tayar da mutum da asuba fiye da zakara.

Kewar gida kuwa ta inda ban zata ba ta kama ni. Wata azahar an aike ni sayen fetur, ruwa ya tsuge, na fake a wata rumfa. Sai ga ƙarar injin markaɗe daga bayan rumfar. Ƙarar da na tsana duk rayuwata, wadda saboda ita na baro gari. Na tsaya kamar an dasa ni, ina jin ƙamshin jiƙaƙƙen wake, ina ganin Inna tana miƙa wa Baba kofin kunu ta taga. Mai injin ya ce, “Lafiya, ɗan samari?” Na ce tsatsa ce ta shiga min ido. Ya ce, “Duka biyun?”

Saura kwana goma sha biyu Layya Bappa Jauro ya zo. Dogon Bafulatani ne, dillalin shanu a kara, shi da 'ya'yansa suka haɗu suka sayi tsohuwar tirela don ɗauko dabbobi daga Arewa. Ya ce a yi masa saniya a ƙofar baya, amma ba kowace ba, tasa, Wule. Ja ce mai farin goshi. Rabin garkensa daga cikinta ya fito, motar ma 'ya'yanta aka sayar aka saya. Ƙahonta na hagu ya karye ya sunkuyo tun shekarar da ta faɗa ramin ginin da aka haƙa a kan tsohon burtalinsu. Ya ce yana son duk wanda ya biyo bayan motar ya san daga inda ta fito.

Oga ya ce, “An gama, Alhaji.” Bappa na juya baya ya sauko da kwalin saniya.

Ranar Asabar da hantsi Bappa ya dawo. Fenti na ƙyalli, saniya fara sol, ƙahoni biyu daidai wa daida, tana tsaye a koren fili kamar ta ci jarrabawa. Ya dube ta daga dama, ya koma hagu, ya dogara da sandarsa.

“Oga, wannan saniyar wa ce?”

“Taka ce mana.”

“A'a. Wannan na san ta. Ita ce ta jikin gwangwanin madara.”

Direbobin da ke wurin suka kwashe da dariya. Oga ya ɓata rai ya ce, “Alhaji, saniya ai saniya ce.”

“To. In aka zana matar wani aka ce maka mace ai mace ce, za ka rataya a ɗakinka?”

Wani direba har da faɗowa daga benci. Bappa bai yi dariya ba. Ya ce ranar Litinin zai ɗauki motarsa, raguna na jiransa a Potiskum. In ba za a iya ba, a shafe da baƙin fenti, ya fi masa a kan ya yi yawo da saniyar da ba ta san shi ba. Oga ya ce baƙin fenti kuwa akwai shi.

Ban san lokacin da na ajiye sanfefa na bi bayan tsohon nan ba. Na ce, “Bappa, ina son ganin Wule.” Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, “Kai ba mai goge-gogen ba ne?” Na ce ni ne. Ya ce to in biyo shi. Muka ratsa bayan sababbin gidaje har rugarsu, wadda katangu suka matse ta ko'ina. Wule tana kwance tana tuƙa. Da ta ga baƙo da littafi ta miƙe, ta yi kaina. Na rantse gudun da na yi da a filin wasa ne da yanzu hotona na jikin kalanda. A kan bishiyar mangwaro na yi zanen, ita a ƙasa tana harara ta, jikokin Bappa na ta tsalle suna kiran sunanta. Amma daga saman nan na gan ta sosai: karyayyen ƙahon da ya kusa taɓa ido, tabon da ke kafaɗa, da wani kallo na wadda ta ga abubuwa da yawa kuma ba ta yafe ko ɗaya ba.

Ranar Lahadi Oga yana coci, ba a buɗe rumfa. Na san inda makulli yake kwana, cikin tsohuwar taya. Na san doka. Na kuma san in aka shafa baƙin fentin nan, ni ma an shafe ni, don saura kwana tara kuma Oga bai ko tambayi sunan babana ba. Na ce in kora ce, gara a kore ni da buroshi a hannu.

Na hau benci na fara ɗora ja a kan farar saniyar Oga. Buroshi ya riƙa kamawa, fenti na jan hannu kamar ƙullun alkaki. Na tuna Oga yana ɗiga fetur in ya yi kauri. Shi ɗigawa yake yi. Ni na ce abin da kaɗan ya gyara, mai yawa zai fi gyarawa, na tuttula. Sai buroshi ya kama tafiya kamar a kan man shanu. Na ce ashe ma asirin ke nan, shi ake sa mutum ya yi wa bautar shekara?

Ga abin da har yau ban iya bayyana wa kowa daidai ba. Da na hau bencin nan, Baba ne a raina, da Oga, da Yaya Ɗanlami, da duk wanda zan ba kunya. Kafin azahar duk sun sauka ɗaya bayan ɗaya, ban ma ga fitarsu ba. Saura ni da idon Wule. Na yi shi sau huɗu yana fitowa idon akuya. A na biyar na ɗiga fari ƙanƙane a gefe, sai ta dube ni. Wallahi sai da na ja da baya, benci ya yi rawa. Ba mai kallo, ba mai tafi, ko abinci ban ci ba, amma ban taɓa jin na ƙoshi irin na la'asar ɗin nan ba. Na wanke buroshi, na mayar da makulli, na koma Karmo ina tafe ina gaishe da mutanen da ban sani ba.

Litinin da safe na hango taro a bayan motar tun daga nesa. Na gyara wuyan riga, na rage sauri don su ƙare yabo kafin in iso. Da na kutsa sai na ga abin da suke kallo. Wule ta yamutse. Tun daga goshi har wutsiya fatarta ta tattare kamar tafin wanda ya wuni yana wanki, jan fenti ya zubo daga haɓarta layi-layi, ƙafafunta sun narke sun haɗe da ciyawa. Fentin Oga na Asabar bai gama bushewa ba, fetur ɗina ya shiga ƙarƙashinsa ya tayar da shi. Ido ɗaya ne kawai ya tsira, yana kallona.

Oga yana tsaye hannu a baya.  Sai ga Bappa Jauro yana ratsa mutane da sandarsa. Ya tsaya. Ya matsa har hancinsa ya kusa taɓa ƙarfe.

“Wule,” ya ce a hankali, kamar yana kiranta ta zo a tatse ta. Sannan ya juyo. “Ita ce. To amma wa ya tsofar min da ita haka? Jiya na bar ta da ƙarfinta.”

Dariyar da aka yi har raguna suka amsa daga kara. Wani direba ya ce, “Ga mai aikin nan, Mai Tsohuwa!” Sunan da ya bi ni ke nan har yau.

Oga ya ce, “Wa ya ba ka izinin taɓa buroshina?”

“Babu kowa, Oga.”

“Ka yi nadama?”

Na san amsar da ake so. Na buɗe baki in ba da ita, wata ta fito. “Na yi nadamar fetur ɗin, Oga. Saniyar kuwa ban yi ba. Taka ba a gane ta ba, tawa an kira sunanta.”

 Wani ya ce, “Yaron nan ya gaji da Abuja.” Oga ya shiga rumfa, na ce shi ke nan, jakata zai jefo min. Sai ya fito da sanfefa sabuwa fil, ɗauri guda.

“Kankare ta. Duka. Taka da tawa, har sai na ga ƙarfe.”

Ya juya wurin Bappa ya ce a ba shi kwana uku. Bappa ya ce ragunan su jira, ai ba su san ranar ba.

Na ɗauki siminti a Karmo, na gudu daga saniya, na sauka a garin da ba nawa ba, amma ban taɓa yin aiki mai nauyin wannan ba. Da hannuna na goge ƙahon, na goge tabon kafaɗa. Idon na bari ƙarshe, na yi ta zagaye shi har Oga ya ce, “Shi ma.” Direbobi na wucewa suna tambayata jikin tsohuwa. Yaya Ɗanlami da ya ji labari ya ce in tattara in tafi gida tun da sauran mutunci, zai ɗauke ni hoto a jikin mota in tafi da shi. Na ce ya riƙe hotonsa. In Oga na son in tafi, sai ya faɗa da bakinsa, kuma ko ya faɗa sai ya maimaita. Washegari na riga shi zuwa.

Da ƙarfe ya fito fes, Oga ya shafa fentin shimfiɗa, ya sa ni zama in kalle shi yana bushewa wuni guda cur, wai in koyi abin da ake kira jira. Ranar Laraba ya kira ni. Na ga hannunsa ya nufi gwangwanin burosai, na fara murna. Ya tsallake shi ya ɗauko guntun alli.

“Zana ta. In ka sa ƙaho ya miƙe sai na ɓalla naka.”

Na zana, shi ya bi da fenti. A nan na ga bambancin mai ido da mai hannu. Jan da na yi da launi ɗaya, shi da uku ya yi shi, har kana ganin haƙarƙari na motsi. Mutumin da ke gama zaki kafin shayinsa ya huce, ya wuni a kan saniya ɗaya, matarsa ta aiko da abinci ya huce a rufe. Da ya zo kan ido ya tsaya, bai waiwayo ba ya ce, “Farin nan, a ina ka sa shi?” Na nuna da yatsa. Ya ɗiga. Ya sauko daga benci ya ja da baya, ya daɗe yana kallo, yana goge hannu da tsumman da ya fi hannun datti.

Sannan ya ce, “Kira min uban naka.”

Na danna lambar na miƙa masa wayar. Da Baba ya ɗauka Oga ya ce, “Malam, sunana Bulus, mai fentin mota a Dei-Dei. Yaronka ba ya jin magana. Ya buɗe min rumfa ba izini, ya ɓata min fenti, ya yi min rashin kunya a gaban kwastoma.”

Na ji Baba ya ce, “Na sani, ni na haife shi. Turo min shi.”

“A'a. Ka bar min shi. Ni zan gyara masa zama.”

 Baba ya ce, “Allah ya ba ka haƙuri, Malam Bulus, za ka buƙace shi.” Ya ce a gaya min in riƙa salla a kan lokaci, ya kashe.

Bappa Jauro ya ɗauki motarsa ranar Alhamis, ya aiko mana da ƙwaryar kindirmo. Wule tana yawo yanzu tsakanin Potiskum da Dei-Dei, kuma a ƙasan ƙofar sunan Oga Bulus ne a rubuce, babu nawa. A Dei-Dei na yi Sallah. Oga ya ce ranar Lahadin nan ta ƙara min wata biyu a kan shekarar, ya kuma sauya wa makulli wurin kwana. Alli yana ba ni in kwastoma ya zo da abin da babu kwalinsa. Buroshi kuwa har yau ban sake taɓawa ba, sai in zan wanke.